Ranar da Tanderun Kawu Idi Ya Fashe

Ranar wata Laraba ce, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, gab da faɗuwar damina. Na dawo daga makaranta ke nan, ina tsugune a gindin mangwaron gidanmu da ke bayan injinan shinkafa na Lafiya ina wanki, sai na ji wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Ƙasa ta girgiza, kaji suka watse, wani abu ya wuce ta gefen fuskata ya kafe a jikin mangwaron. Da na duba sai na ga tsingaro ne, ja wur, yana hayaƙi. Can bayan gida kuwa, inda kakata take gasa tukwane, toka ta turnuƙe, kuma ba a jin motsin kowa.

Kakata Iya Ladi, wadda ta haifi mahaifiyata, maginiyar tukwane ce. A gidanta muka tashi, kuma duk wanda ya iya tafiya yana da aikinsa. Mu ne masu ɗebo yumɓu daga fadama, mu tattaka shi da ƙafa har ya yi laushi, mu je injin mu ciko buhu da buntun shinkafa. Idan ta gina tukwane sai ta jera su a inuwa su yi makonni suna bushewa, mu kuma muna gefe muna 'yar gala-gala da tsingaro. Ranar gashi a fili ake tara su, a lulluɓe da kirare da ciyawa, a cinna wuta, sai washegari a tono. Daga nan Iya za ta ɗauki kowace ta ƙwanƙwasa da yatsa ta kara a kunne. In mai kyau ce sai ta ce, "Wannan ta yi magana." In mai tsaga ce kuma ta ce, "Bebiya ce, a kai wa kaji." Har daga garin Awe mata masu dafa gishiri suke zuwa neman manyan kasakenta.

A waccan shekarar ɗanta Kawu Idi ya dawo daga Kudu, inda ya yi aiki a masana'antar tayil. Ya gina mata tanderu na bulo a bayan gida, ya haɗa masa bututun ƙarfe da injin hura iska mai aiki da ƙaramin janareto. Ranar gwajin farko maƙwabta sun cika gidan, suna jiran su yi dariya. Aka zuba tukwane da hantsi, kafin la'asar an kashe wuta. Da suka huce aka fito da su, babu baƙin tabo ko ɗaya, kuma ƙararsu kamar ƙararrawar makarantarmu. Kowa ya riƙe baki. Iya kuwa, tsohuwa da ita, sai ga ta tana taka rawa da tulu a ka. Kawu ya bi ta yana cewa, "Iya, wutar nan ba ta da haƙuri fa. Abin da bai bushe ƙarau ba, kada ki saka mata."

Ranar Larabar Kawu ya tafi garin Obi. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga matan Awe suna tafe a ƙarshen mako, ga manyan kasake da randuna masu kauri da ba su daɗe da ginuwa ba. Iya ta shafa bayansu ta ji sun bushe, ta loda su, ta ja igiyar janareton da hannunta. Ashe akwai sauran ruwa a cikin yumɓun. Da wuta ta taso masa gaba ɗaya sai ya zama tururi ya rasa mafita, ya tarwatsa randunan har da bangon tanderun.

Ni na fara isa wurin. Na tarar da ita zaune a ƙasa, ta yi fari fat da toka, ɗankwalinta yana ci da wuta, jini yana bin wuyanta daga kunne. Mahaifiyata ta zo da gudu ta fizge ɗankwalin tana kururuwa tana salati. Iya ta dube ta, ta dube ni, sannan ta ce da ƙarfi, "Ku ɗaga murya mana! Me kuke raɗa?" A nan na gane ta daina ji, domin ihun mahaifiyata har titi ana jin sa.

Ƙunar ta warke a asibiti, amma jin bai dawo ba, sai ɗan kaɗan a kunnen hagu. Ta ci gaba da gini. In an tono tukwane sai ta kira ni in ƙwanƙwasa, ita kuma ta zuba wa fuskata ido ta gane hukuncin. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, tana samun sauƙi ta sa aka kira Kawu ta ce, "Idi, gina mini wani." Kawu ya sunkuyar da kai, ya ce ko bulo ɗaya ba zai sake ɗorawa ba. Har ta rasu suna wannan rigimar.

Yanzu ina aiki a inda ake ƙera haƙoran da ake sanya wa waɗanda suka rasa nasu. Da wani farin yumɓu na musamman muke yin su, mai ƙarfi kamar dutse, mu gasa a tanderun lantarki da bai kai ƙaramin firji ba. Zafinsa ya zarce na Kawu nesa, amma babu hayaƙi, babu ƙara, kuma aikin da a da yake kwana yanzu kafin mutum ya ci abincin rana ya gama. Bayan gidanmu na Lafiya ya zama shaguna, ana sayar da bokitan roba. Wani lokaci nakan tsaya gaban na'urar in ji ina ma Iya ta gan ta. Na san da sai ta ce a ƙara mata wuta.