Malam Sale Gangaren Tudu, Direban da Ya Fara Ajiye Makulli

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Sale Ismail a shekarar 1960 a unguwar Gangaren Tudu da ke garin Keffi. Mahaifinsa Malam Ismail tela ne mai ɗinkin manyan riguna, mahaifiyarsa Salamatu kuwa ƙuli-ƙuli take soyawa a cikin gida. Ya fara karatun Alƙur'ani a zauren unguwarsu, daga bisani aka sa shi firamare, ya kammala a 1973. Burin mahaifinsa shi ne ya gaji keken ɗinki, amma Sale ya ce shi zaman wuri ɗaya ba nasa ba ne. Rayuwa ta riƙe masa wannan magana, ta kuma ba shi yawo fiye da yadda ya roƙa.

Aure da aiki

Ya koyi tuƙi a wani gareji a Sabon Gari, ya sami lasin babbar mota a 1983, bayan shekara biyu kuma ya auri Madina, 'yar maƙwabtansu, mace mai haƙuri da kaifin baki. A 1987 wani kamfanin dakon kaya ya ɗauke shi aiki, ya shiga jigilar siminti da rodi zuwa Abuja, da hatsi zuwa Kudu.

Tsarin biyan direbobi a kamfanin kashi biyu ne. Akwai albashin wata, wanda bai taka kara ya karya ba, akwai kuma kuɗin sawu da ake ba direba duk lokacin da ya kai kaya ya dawo, kuma da wannan ne ake ɗora tukunya a gida. A ƙa'ida kowa yana da hutun wata guda a shekara, sai dai da tsurar albashi ake lissafa kuɗin hutun, wanda ko buhun masara ba zai saya ba. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, duk wanda ya ajiye makulli sai a miƙa motarsa ga wani, in ya dawo ya tarar da akwala ko ya zauna a benci yana jira. Saboda haka direbobi suka mayar da hutu abin da ake jin sunansa kawai.

Madina takan ce ita ƙarar inji ta aura, tana jinta tana zuwa, tana jinta tana wucewa. Shi kuma duk shekara yakan yi mata alkawarin zai yi azumi cikakke a gida, duk shekara kuma a bakin titi yake shan ruwa. A 1998 Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa, shi Sale yana kan hanyar Fatakwal, bai iso Keffi ba sai bayan sadakar uku. Bai yi ƙorafi ga kowa ba, amma baƙin cikin wannan rashi bai taɓa barinsa ba.

Shugabanci da gyaran lissafi

A 2004 abokan aikinsa suka zaɓe shi shugabansu, Manasseh Yosiya mutumin Panda ya zama sakatare. Buƙatar da suka gabatar ita ce a lissafa kuɗin hutu da abin da direba yake samu a zahiri. Hujjar kamfani kuwa ita ce kuɗin sawu na mai tafiya ne, wanda ke kwance a gida ba shi da rabo a ciki. Malam Sale ya amsa musu cikin sanyin murya cewa in direba ya huta, cikin 'ya'yansa ba ya hutawa. Shekara huɗu ana kai ruwa rana, bai taɓa kiran yajin aiki ba, bai kuma taɓa fasa zuwa ofis ba, har masu kamfanin suka ce gara mai faɗa da wannan mai sallama.

A 2008 aka cimma matsaya. Za a tara albashi da kuɗin sawu na shekarar da ta gabata, a raba gida goma sha biyu, kashi ɗaya shi ne kuɗin hutu. Direbobi suka yarda a cire kuɗin abincin hanya daga lissafin, tunda tuwon gida mutum zai ci, kamfani kuma ya yarda motar mai hutu amana ce, za a mayar masa da ita.

Ajiye makulli

To, sai ga abin mamaki: an yi yarjejeniya, amma babu wanda ya tafi hutun. Kowa yana tura ɗan'uwansa, domin ba su gaskata za a dawo da mota ba. Da aka doshi shekara a haka, masu kamfani suka fara cewa tunda ba a so, sai a koma tsohon tsari. A jajibirin azumin 2009, Malam Sale, wanda motarsa ce mafi sabunta a kamfanin, ya ajiye makullinta a ofis a gaban jama'a, ya hau acaɓa ya tafi gida.

Makon farko ya rasa inda zai sa kansa. Ya gyara ƙofar da lafiyarta ƙalau, ya tsoma baki a cefane, har Madina ta ce in haka hutu yake a zo a ɗauke shi. Amma ita ce ta riƙa shimfiɗa tabarmar shan ruwa tun la'asar sakaliya, kuma ta shaida wa 'yan'uwanta cewa a wannan watan ne ta san tana da miji. Bayan salla ya koma, direbobi sun cika bakin gareji suna kallo, aka miƙo masa makullinsa. Daga nan aka tsara layi: Musulmi suka fi karkata ga azumi, Kirista ga Kirsimeti, masu gona ga damina.

Ƙarshen rayuwa

Ya yi ritaya a 2019, bayan ya cika alkawarin Madina shekara bayan shekara. Ta riga shi rasuwa a 2021. Shi kuma ya yi jinya ta makonni kaɗan, Allah ya karɓi ransa a watan Nuwamba na 2024, yana da shekara sittin da huɗu. An yi masa salla a ƙofar gidansa a Gangaren Tudu, aka binne shi a maƙabartar garin, Manasseh yana cikin waɗanda suka raka shi.

Ya bar 'ya'ya huɗu: Mu'mina, malamar makaranta, Hamdiya, mai shagon ɗinki, Ismail, ɗalibi, da babbansu Shamsuddeen, direba a wannan kamfani, wanda ya ajiye makulli ya ɗauki hutunsa da ciwon ya yi tsanani, ya yi jinyar mahaifinsa har ƙarshe, kuma da hannunsa ya sa shi a kabari. Allah ya jiƙan Malam Sale, ya sa ya huta.