Jelar Kadan Baba Ambrose

Duk mai bin hanyar bakin kwari a Sabon Tasha ya san Baba Ambrose mai faci. Iyayensa daga kudu maso gabas suka zo, amma shi a Kakuri aka yanke masa cibi, kuma in ya balbale ka da faɗa da Hausa ba ka samun wurin sa baki. Taurin kai kuwa, matarsa Ngozika ta daɗe da sallama masa.

Bayan rumfarsa akwai wani kwari da ke gutsurar ƙasa duk damina, mutane kuma suka mai da shi juji. Da wari ya ishe shi, sai ya fara jera tsofaffin tayoyi a gaɓar, yana ɗura musu ƙasa yana kirɓawa da taɓarya. Layin ya yi tsawo ya lanƙwasa, ya ja baya ya duba, ya ga ashe kada yake ginawa. Ya shafe shi da koren fenti, ya yi masa idanu da fitilun wata matacciyar bas. Matan unguwa suka shuka alayyafo da barkono a gadon bayansa, masu Keke suka sa wa wurin suna Bakin Kada. Mahauta sun sha zuwa neman tayoyin don babbakar kanda, yana korar su.

Jelar ce kawai ta rage. Tayoyinta na jere da fentinsu, amma bai kai ga ɗura musu ƙasa ba.

Ranar jajibirin sabuwar shekara samari suka fito tara tayoyin da za su ƙona a mararraba, kamar yadda suka saba. Jagoransu Ebenezer ne, ɗan maƙwabcinsa, wanda ya girma yana kawo masa facin ƙwallo.

"Baba, taya ce fa kawai," in ji Ebenezer. "Kowace shekara muna ƙonawa."

"Je ka cire ta motar ubanka. Wannan jela ce."

"To Baba, sai dai ka yi haƙuri."

Ambrose ya ɗauko ƙarfen cire taya ya tare su. Amma mutum ɗaya ba ya tsare kada tun daga kai har jela. Yana korar na nan, na can suna mirgina tayoyi, har suka kwashe jelar kaf. Ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne maƙwabta na tsaye suna kallo, har da masu tsinkar barkono a wurin.

Washegari kowa ya caɓa ado zai tafi coci. Ngozika ta fito masa da sabuwar rigarsa, shi kuwa ya tura baro sai mararraba. Tokar da sauran ɗumi, a cikinta ga zobban wayar da taya ke bari in ta ƙone. Ya tsince su tas, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwa, masu leshi na kauce masa.

Da aka taso daga coci aka tarar da shi zaune a bayan kadan da filaya, yana murɗa waya yana saƙa sabuwar jela, wadda ta fi ta da tsawo. Ebenezer ya zo wucewa, kai a sunkuye.

Ambrose bai ko ɗago ba. "Ka gaya wa abokanka," ya ce, "baɗi su zo su ƙona wannan in gani."