Simintin Alhaji a Bangon Ƙasa

Ɗakin wasan kwaikwayo na unguwarmu a Daura ginin ƙasa ne, soro mai faɗi da dakali a gaba inda 'yan wasa ke tsayawa. Su kawuna suka gina shi da gayya tun suna samari. A nan na fara ganin kawu ya naɗa buhu a ka ya zama mai gari, mata na dariya har suna riƙe ciki.

Da bidiyo ya shigo, waya ta biyo baya, sai ɗakin ya koma wurin tara karan dawa. Azara ta fara ruɓewa, indararo ya faɗi, bangon gabas ya zaizaye. Shi kuma kawu yanar ido ta fara rufe masa gani. Burinsa ɗaya ne, a gyara ɗakin ya sake hawa dakalin nan kafin ya daina gani.

Ni aka ɗora wa neman taimako, wai ni ne malamin makaranta, na iya magana. Na sha hawa babur zuwa Mashi da Dutsi wurin 'yan kasuwar da suka taso a unguwarmu. Kowa sai ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, da masallaci ne ko rijiya..." Ba sa ƙarasawa. Gidan wasa ba lada ke nan. Abin ya ƙona mini rai, don wasunsu a ƙofar ɗakin nan suka fara ganin matan da suke aure yau.

Bukatarmu ba ta da yawa. Azara sabuwa, jar ƙasa, makuba ta yaɓe, sai ladan magina.

Ana nan wani Alhaji ɗan unguwarmu, dillalin kayan gini a Kano, ya zo gaisuwar mutuwa ya ji labari. Bayan ya koma sai ga mota shaƙe da siminti ta tsaya a ƙofar ɗakin, yara na ihu. Ni ban yi murna ba. Duk wanda ya girma a gidan ƙasa ya san abin da siminti ke yi wa irin wannan bango. In ruwa ya shiga ta sama ba ya samun hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye. Na sani, magina sun sani, kawu ya fi kowa sani.

Na ce masa, "Kawu, mu sayar da shi mu sayi azara."

Ya juyo da fuska wajena. "Ɗan nan, kyautar mutum zan kai kasuwa? Gidan mahaifiyarsa ga shi nan yana kallonmu. Da wane ido zan gaishe ta?"

Haka aka shafe bangon da siminti, aka bi da farin fenti. Gaskiya ya yi kyau. Alhaji ya zo aka ɗauki hotuna, muka yi ta godiya. Rufin kuwa yana nan da ruɓaɓɓiyar azararsa, ba mai yarda ya zauna a ƙarƙashinsa. Daga ranar kuma baki ya mutu. Duk wanda na tunkara sai ya ce, "Haba Malam, ai na wuce na ga an gyara muku!"

A damina ta biyu, wata safiya bayan an sha ruwa, bangon gabas ya zube, rufin ya bi shi. Ba wanda ya ji rauni. Na sa hannu a bayan ɓawon simintin, ƙasar ta koma kamar kunu. Dakalin yana can ƙarƙashin tulin ƙasar, na tsaya a kansa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

A lokacin kawu ba ya bambanta fuskar mutane sai da murya. Bai ce a kai shi wurin ba, ni ma ban yi tayi ba.

Ana cikin haka motar nan ta sake zuwa. Alhaji ya ji abin da ya same mu, ya aiko da jaje, siminti ne kuma. Na shiga zaure na gaya wa kawu cikin haushi. Ya yi ta shafa tabarma. Can ya laluba ya ɗauki hularsa.

Ya ce, "Je ka sa babbar rigarka. Ka riƙe mini hannu mu je mu yi wa mahaifiyarsa godiya."