Gwangwanin Cigiya

Ta sunkuya, ta ɗaga bakin tsintsiya, ta baza tarin ganyen da yatsa kafin ta kwashe. Shekara ashirin da shida tana share harabar gidan ruwa, inda ake tace ruwan da gari duka yake sha, ba ta taɓa zuba shara a kwando ba ta duba ba. Abin da ƙasa ta ba ta, maɓalli ne ko mabuɗi ko murfin biro, sai ta goge da gefen zane ta jefa a wani tsohon gwangwanin madara da ke kan taga, daura da ɗakin injiniyoyi. In ma'aikata sun hallara ta bi su ofis-ofis tana kaɗa shi.

"Cigiya! Wa ya yar?"

Daga nan sunan ya bi ta. Ba mai tuna sunanta na yanka, kowa Iya Cigiya.

Halin yana da tushe. Ranar da mijinta ya faɗi a bakin titi bai tashi ba, agogonsa ya ɓace a cikin taron jama'a. Bayan kwana arba'in wani baƙo ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce mako biyar yana tambaya kafin ya gano su. Ya miƙa agogon, ko ruwa bai tsaya sha ba. Ta kara a kunne ta ji yana bugawa, shi kaɗai ne abin mamacin da bai tsaya ba. Tun ranar ta ɗauka cewa duk abin da ke ƙasa akwai wanda zuciyarsa ke kansa.

Ta mayar da zobe, ta mayar da waya, ta mayar da takardar asibiti. Har haƙoran roba na tsohon Manaja ta taɓa tsinta a bayan banɗaki, ta kai masa cikin ambulan ba ta yi cigiya ba, shi ma bai yi godiya da ƙarfi ba.

Abin da ta gani a ƙarƙashin ganye a wannan safiya ɗan ƙarami ne, bai kai babban yatsa ba, baƙi, da igiya shuɗiya mai tambarin gidan ruwan. A inda injiniyoyi ke ajiye motoci yake. Ta san irinsa, filash suke ce masa, suna soka shi a jikin kwamfuta.

Kwana uku tana cigiya, ba wanda ya ce nasa ne. Rana ta huɗu ta tare Injiniya, mai kula da ɗakin da ake sarrafa injinan tura ruwa. Mutum ne mai sanyin hali, da furfura biyu-uku a gemu, kuma shi kaɗai ke ɗaga ƙafa in tana shara ba sai ta roƙa ba.

"Ɗana, duba mini wannan."

"Iya, ba nawa ba ne. Na gaya miki shekaranjiya, na gaya miki jiya."

"Ai ban ce naka ba ne. Na ce ka duba. Ba a rubuta suna a ciki?"

"An hana mu sa abin da ba mu sani ba."

"Ga tambarinku a jiki, ka ce ba ku sani ba? Wataƙila aikin wani ne na shekara guda a ciki, yana can ya kasa cin abinci. Kai in naka ne fa?"

"Iya, ke da a kotu kike aiki da ba wanda zai kwana a gida."

Ya yi dariya, ya karɓa, ya soka a kwamfutar da ke gabansa. Ta tsaya a bayansa da tsintsiya a hammata. Fuskar kwamfutar ta ɗan ƙifta, kamar mai barci da ƙuda ya sauka a idonsa, shi ke nan.

"Wayam. Ba komai a ciki. Hankalinki ya kwanta?"

"Allah ya yi maka albarka."

Ta mayar da shi gwangwani, ya kwanta cikin maɓallai.

Mako biyar ruwa na gudu yadda ya saba. Sai wata ranar Talata, da rana tsaka, ƙugin injinan ya canza. Ita ta fara ji, don ta san muryarsu kamar numfashin wanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Suka yi ta tashi suna faɗuwa, suna tashi suna faɗuwa, har babban ya yi wata ƙara ya saki hayaƙi. Injiniya na tsaye gaban kwamfuta, kwamfutar kuwa tana nuna masa komai lafiya, kore shar. Ya danna, ta ƙi. Ya sake dannawa, ta ƙi. Sai da ya ruga da ƙafa ya kashe wutar da hannu, ya rufe bututun da ke fita gari, saboda ma'aunin maganin tace ruwa ma ya haura inda bai taɓa zuwa ba.

Gari ya kwana tara ba ruwa.

Iya ta ga kwanakin nan da idonta. Famfon unguwarsu ya yi ta shaƙuwa, daga baya ya yi shiru. Jarkoki suka yi layi har kwanar titi, mata na zaune a kansu kamar masu zaman makoki. Asibitin haihuwa ya koma karɓar masu naƙuda da sharaɗin kowa ta zo da ruwanta. Jikarta ta sha na wata tsohuwar rijiya, ta kwana uku tana amai da gudawa, idanunta suka faɗa. Maƙwabta na tare ta a hanya.

"Iya, ke da kike ciki, me ya faru?"

"Ni shara nake yi," take cewa. Har ranta ta ɗauka iyakar gaskiyar ke nan.

Masu bincike suka zo da jakunkuna, shugabarsu wata mace siririya mai tabarau, wadda ba ta ɗaga murya. A bakin direbobi Iya ta tsinci labarin, guntu-guntu. Wai 'yan kutse ne, daga wata ƙasa mai nisa. Wasu suka ce gwamnatin can ce ke ɗaukar nauyinsu, wasu suka ce gungun ɓarayi ne da ke yi wa duk wanda ya ɗauke su aiki. Ba su fasa ƙofa ba, ba su haura katanga ba. Kwamfutocin ɗakin ba a haɗe suke da waje ba, don haka dole wani ne ya shigar musu da cutar kwamfuta da hannunsa. Ta shiga ta kwanta, tana koyon yadda injinan ke aiki, har ranar da aka ɗibar mata.

"An gano ta kwamfutar Injiniya ta shiga," in ji wani direba. "Ya amsa shi ya soka filash. An ce ina ya samo, ya ce tsinta ya yi. An ce ina yake, ya yi shiru. Yanzu zargin da ake yi, da shi aka haɗa baki. Gobe za su tafi da shi."

Tsintsiyar ta zame daga hannunta.

Ta sami Injiniya a kan benci a bayan ɗakin injin, an karɓe katinsa da mabuɗansa. Ya rame, gemun ya ƙara fari.

"Me ya sa ba ka faɗa musu ba?"

"In faɗa musu me, Iya? Ni na yi karatun, ni aka hana, ni na soka. Ke shekara nawa ya rage miki ki huta? In sunanki ya shiga takardar nan, korar ki za su yi, unguwa kuma ta ce ke kika kashe ruwa."

"To ba ni ba ce?"



Ta je taga ta ɗauko gwangwanin. Bai taɓa yi mata nauyi irin na ranar ba. Ta ƙwanƙwasa ɗakin taro, ba ta jira izini ba ta shiga. Manaja ya taso.

"Iya, ba yanzu ba, ana aiki."

"Yallaɓai, cigiya na kawo."

Ta zazzage shi a kan tebur. Maɓallai suka gangara, mabuɗai suka yi ƙara, ga ɗan baƙin abin da igiyarsa shuɗiya. Mai tabarau ta ɗaga hannu kada kowa ya taɓa. Iya ta faɗi komai a tsaye: ganyen, wurin motocin, kwana ukun, da yadda Injiniya ya ƙi ta matsa masa. Ba ta rage ko kalma ɗaya da za ta sauƙaƙa wa kanta ba.

Aka kawo hotunan kyamarar bakin ƙofa na wancan makon. Ga wani a kan babur, fuska a rufe, ya rage gudu, ya wurga wani abu ta saman shinge. Ga ta nan da safe, ƙarama a cikin hoton, ta sunkuya, ta goge shi da gefen zane.

Mai tabarau ta cire tabaran ta murza ido.

"Mama, kin fitar da shi daga zargin haɗin baki. Ba za mu tafi da shi ba. Aikinsa kuwa, wannan ba a hannuna yake ba."

"Ɗakin injin dai ya bar shi har abada," in ji Manaja, bai dubi kowa ba. "Ke kuma, Iya, ki je gida tukuna, za a neme ki. Gwangwanin nan ya ƙare. Daga yau abin da aka gani a ƙasa, wuta."

Ta gyaɗa kai. Tambaya ɗaya ce ta rage mata.

"'Yar nan, mutanen nan, sun san ni ne?"

"Ba su san ki ba, Mama."

"To ya aka yi suka san zan ɗauka? Ya aka yi suka san ba zan jefa a shara ba?"

Matar ta mayar da tabaranta.

"Ba wurin nan kaɗai suka jefa ba. Wani wurin mota ta taka, wani wurin aka share aka zubar. Ba sa buƙatar su san ki. Sun dai san duk inda suka jefa, wataƙila akwai mai cewa abin wani ne."

Iya ta tsaya tana kallon tarkacen da ke kan teburin. Da zagin ta aka yi, da ta san inda za ta ajiye shi. Wasu mutane ne a wani ɗaki da ba za ta taɓa gani ba, suka zauna suka auna abin da baƙon nan mai agogo ya bar mata, suka ga zai buɗe musu ƙofa.

A can ƙasa injin da aka gyara ya tashi, ƙuginsa ya biyo bango ya shigo tafin ƙafarta. Ruwa zai isa unguwa kafin la'asar.

Ta juya. Daf da ƙofa, a gefen kafet, ga wani ɗan kunne guda ɗaya yana ƙyalli, ƙarami, irin na yara mata. Bayanta ya fara sunkuyawa da kansa, hannunta ya miƙa. Sai ta tsaya a haka, rabi a sunkuye, tsawon numfashi biyu. Ta janye hannun ta naɗe shi cikin mayafi, ta miƙe a hankali, ta ja ƙofar ta fita.