Ranar da Aka Hau da Yunus Ɗa'ifa

Duk unguwar Misfala ta Makka ba wanda bai san Yunus ba, mutumin da ko shayi a tsaye yake sha. Ya yi dako, ya yi ga-ruwa, ya sayar da carbi a bakin Harami, ba sana'ar da ta shekara a hannunsa. Matarsa Shatu takan ce ƙafarsa ƙaiƙayi take yi. Ni maƙwabciyarsu ce, kuma na shaida gaskiya ta faɗa.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai ya gano cewa yusur, baƙin icen da ake fere carbi da shi, daga ƙarƙashin teku ake ciro shi. Shi ke nan, sai Jidda. Wani mai jirgin ruwa ya kifa masa hular ƙarfe mai bututun iska, ya koya masa nutso. Ya kuma gargaɗe shi ya riƙa hawowa sannu a hankali, yana tsayawa a hanya. Yunus da tsayawa! Wata safiya ya gaji da jira, ya taso sama gaba ɗaya.

Da la'asar aka kawo shi gida a bayan mota, kansa na sara, hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Amma yana ganin matarsa ya ce, "Shatu, ruwa."

Yayansa Mahmudu ya kasa zaune ya kasa tsaye. "Zafin Makka ne zai ƙarasa shi," in ji shi. "Yalla, maza mu kai shi Ɗa'ifa can kan dutse ya sha iska mai sanyi." Haka kowa a garin nan yake yi wa marar lafiyarsa, ba wanda ya musa. Washegari suka kama hanyar dutse, kan Yunus a cinyar Shatu. Mota na hawa yana fizge-fizge, suna ce wa direba ya ƙara wuta.

Sai daga baya wani likita a Jidda ya yi musu bayani. A can ƙasan ruwa iska tana narkewa cikin jini. In mutum ya taso da sauri sai ta koma kumfa, kamar an buɗe kwalbar lemo, ta toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wurin da jini bai kai ba ya mutu. Hawa dutse kuwa kumbura kumfar yake yi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ƙauna ce ta sa suka kai shi.

Hannun ya warke, magana ta dawo. Yunus ya rayu shekaru yana kai-kawo a tsakar gida, daga ƙofa zuwa randa. In Shatu ta kawo masa abinci sai ya sunkuyar da kai da ladabi, ya kau da ido.

"Na gode, baiwar Allah," yakan ce. "Don Allah in kin fita, ki turo min matata."