Ruwan da Na Gani a Tankin Sahabi

Har yau ranar nan ba ta fita raina ba, wata Laraba a tsakiyar damina, da aka jawo motar Sahabi da igiya daga hanyar Illo zuwa garejinmu na Bagudo. A lokacin ni ne babban makanike a wani ofishin aikin noman shinkafa, motoci biyar ke hannuna, duk masu shan gas, wato dizal, duk masu giyar taimako, wadda ake sa wa mota ta ja da ƙafa huɗu a laka ko yashi. Sahabi shi ne direba mafi daɗewa a cikinsu, mutumin Illo, ba ya da hayaniya.

Ya ce da ni, "Maigida, tun Lafagu take ja da baya. In na taka totur sai ta yi tari, ga farin hayaƙi. Ko taimako na sa mata, tudu kaɗan sai ta ƙi."

Aikinmu yana da tsari. Idan mota ta rasa ƙarfi, iska ake fara dubawa, sannan mai, sannan famfon injin. Filtar iska lafiya lau. Na kwance filtar mai na tsiyaye ta cikin farar kwalba, na ajiye a kan benci. Ruwa ya fi gas nauyi, saboda haka ba a jima ba ya kwanta a ƙasa, kusan yatsa biyu. Muka sauke tanki, can ma ruwa ne da tsatsa. Famfon injin ya lalace, nozul biyu masu fesa mai a cikin injin sun tafi.

To, kowa ya san abin da ake faɗa a kan direbobin kan iyaka: su zuƙe man ofis mai kyau, su cike gurbin da na jarka, wanda Allah kaɗai ya san abin da aka gauraya masa. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, na ɗauka ko tarin mota na ji daga nesa na san ciwonta. Na ɗaga kwalbar a gaban direbobi duka na ce, "Sahabi, wannan kuma a wace rijiya ka sha?" Aka fashe da dariya.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wallahi, Maigida, motag ga ba ta taɓa shan man jarka ba ga hannuna. Abin da anka zuba min nan, shi na tahi da shi."

Ƙa'ida ita ce makanike ya rubuta abin da ya gani, jami'in sufuri ya yi bincike. Ni na ƙara da abin da ban gani ba. Na rubuta cewa ruwan daga man waje ya shigo, tunda sauran motoci huɗun daga ma'ajiyarmu suke sha kuma lafiyarsu ƙalau. Jami'in ya kira ni ya ce, "Malam Bala, ka tabbata? Aikin mutum ne fa." Na ce na tabbata. Aka ba Sahabi takardar tuhuma, bayan mako biyu aka sallame shi. Ya ajiye makulli a kan teburina, ya yi mini sallama kamar kullum.

Ba a yi wata guda ba wata motar ta fara irin wannan tarin, ita kuma sabon direban da aka ɗauka ne ke janta. Na tsiyaye filta, ga ruwa. Na tambaye shi inda ya sha mai, ya ce nan cikin gida, sai dai shi ne na ƙarshe a layi, har sai da aka karkata duro aka juye masa.

Na nufi ma'ajiya. Gas ɗinmu a duro yake zuwa, kuma ni da kaina na sa aka jera su a tsaye bayan gareji, ba rumfa, don wuri ya yi kyau idan manya sun zo zagaye. Kan kowane duro ruwan sama ya taru har ya rufe murfi. Da rana ƙarfe ya yi zafi, da yamma ya huce ya zuƙi ruwan ta bakin murfin, ya kwanta a gindi. Na fari a layi yana samun mai tsabta, na ƙarshe shi ke kwashe ruwan. Sahabi kuwa bai taɓa rububin layi da direbobin da ya girma ba, sai kowa ya sha ya tafi sannan ya matso da motarsa. Haƙurinsa ne ya ja masa, ni kuma na ƙarasa shi.

Na rubuta rahoto na biyu, na ɗora laifin a kaina. Aka ce an riga an cike gurbi, za a duba. Ran kasuwar Illo na je na same shi yana jan wata tsohuwar a-kori-kura ta wani ɗan kasuwa. Na faɗa masa komai, na roƙi gafara.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, "Na yahe maka, Maigida, duniya da lahira. Amma ran da kac ce min ɓarawo, mutum nawa ag gurin? Yau kuma ni da kai ɗai na."

Washegari na tara direbobi na faɗi gaskiya a gabansu, amma maganar farko ta riga ta kai Illo, ta kai gidan surukansa. Daga baya ofis ya aika masa ya dawo, ya ce ya gode, bai dawo ba.

Ku da kuke wannan aiki yanzu, duro a kwance ake ajiye shi, a ƙarƙashin rumfa, wannan kam mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ka bi mai tun daga inda aka ajiye shi kafin ka kalli fuskar direba, ka kuma rubuta iyakar abin da idonka ya gani. Famfon nan kwana uku na yi na gyara shi. Sunan Sahabi kuwa har na yi ritaya ban gama gyara shi ba.