Goyon Ƙirji a Gidan Surukai

Na dawo daga wata bita a Kano da tambaya a bakina wadda ta hana abokan aikina sakat. Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti tsakanin Ɗanbatta da Bici, inda gonaki suka matse juna har ba ka gane inda wani ƙauye ya ƙare wani ya fara. Likitar da ta koyar da mu, wata 'yar siririyar mata mai kaifin murya, duk abin da muka ce haka muka saba yi sai ta ce, "Wa ya gwada? Da me ya kwatanta? Me ya gani?" Ranar farko haushinta na ji, don gani nake raina mana wayo take yi. Kafin a tashi daga bitar ni ce kan gaba wajen kwaikwayonta. Ina komawa aiki mai ba da magani ya ce ai allura ta fi ƙwaya ƙarfi, na ce wa ya gwada? Ko maigidana da ya ce citta na korar kowace irin mura bai tsira ba. Har ta kai in aka hango ni sai a sauya zance.

Cikin duk abin da aka koya mana, maganar bakwaini ce ta fi tsaya mini a rai. Jaririn da ya zo kafin lokacinsa ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, sanyi kaɗan sai ya daina tsotso, ya yi laushi, ya tafi. Mu abin da muka gada shi ne a naɗe shi da auduga da zannuwa, a ajiye kaskon garwashi kusa, a yi ta addu'a. Na rasa irin waɗannan jarirai a hannuna, kuma har yau ina tuna fuskokin iyayensu. Sai ga likitar nan tana nuna mana cewa masu bincike a ƙasashe da dama sun kwatanta ƙananan jarirai, waɗanda aka naɗe aka ajiye da waɗanda aka manna a ƙirjin uwa, fata da fata, yini da kwana. Na ƙirji sun fi rayuwa, sun fi shan nono, sun fi tsira daga cuta. Ba inji, ba lantarki, zani kawai da hula! Allah-Allah nake in gwada da hannuna.

Ban daɗe ina jira ba. Ana tsakiyar marka, gero ya fi mutum tsawo, aka kawo mini wata matashiya a kan babur, jiƙe sharkaf, naƙuda ta kama ta a wata na bakwai. Cikin fari ne. A al'ada da tuni an kai ta gidan iyayenta goyon ciki, to haihuwar ta riga shirin. Ta haifi 'ya mace, 'yar mitsitsiya, kanta bai fi lemo ba, amma ta yi kuka, kuma numfashinta lafiya. Na hana a yi mata wanka, na goge ta, na sa mata hula, na kwantar da ita tsakanin nonuwan uwar, kanta a juye gefe don ta samu iska, na ɗaure da zani. Muka tura su babban asibiti aka duba ta. Likita ya riƙe su har ya ga tana karɓar nono, sannan ya sallame su da sharaɗin a ci gaba da goyon ƙirji, ni kuma in riƙa leƙa su. Ranar da suka biyo ta wurina za su gida na taɓa 'yar ƙafarta na ji ɗumi, saura kaɗan in rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti.

Gidan mijin aka mayar da ita, hannun uwar miji, tunda ba a doguwar tafiya da irin wannan jaririya. Washegari na ratsa gonaki da takalmin roba ina ta murna, na yi sallama na shiga ɗaki. Jaririya tana kan gado, an naɗe ta kamar ƙunshin goro, ga kasko yana hayaƙi a gefe. Uwar tana can ƙarshen tabarma ta juya mata baya. Na zura hannu na taɓa ƙafa, sanyi ƙalau. Na sa ma'aunin zafin jiki, ya gaya mini abin da hannuna ya riga ya gaya mini.

Ina da saurin hawa, kowa ya sani. Na ce, "Haba ƙanwata! Me na ce miki? Me likita ya ce?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "To." Na sake ɗaura mata, na zauna har ƙafar ta yi ɗumi, na tafi. Na dawo na tarar da ita a gado. Na sake ɗaurawa, na sake tarar da ita a gado. Jaririyar ta fara rage tsotso, sai an tatsa an ɗiga mata da cokali, kuma sikeli ya ƙi motsi. Tsoro ya kama ni sosai, don na san inda wannan hanyar take zuwa. A raina na gama yanke wa tsohuwar hukunci, na ce ita ce take kwance mini aiki.

Sai wata safiya na gani da idona. Na gama ɗaurin ke nan, uwar ta kwantar da haɓarta a kan 'yar hular, fuskarta ta saki, har tana wani ɗan jijjiga ta a hankali. Aka yi gyaran murya a bakin ƙofa, uwar miji ce ta kawo kunun kanwa. Kafin tsohuwar ta gama ɗaga labule, hannun yarinyar nan ya kwance zanin, ta ajiye jaririya a gado, ta matsa gefe tana kallon bango kamar ba ta taɓa ganinta ba. Tsohuwar ta yi ɗan murmushin jin daɗi.

Na ce a raina, kai, 'yar fari! Ni ma na yi wa nawa ɗan farin wannan kunyar, har yau ban taɓa kiran sunansa ba. Mace mai tarbiyya ba ta rungumar ɗan fari a gaban manya, ba ta yi masa wasa, ko kuka yake sai ta yi kamar ba ta ji ba har a ce mata ta ɗauka. To ni na zo na ce wa amaryar bara ta manna 'yar farinta a ƙirji, ba riga a tsakani, daga safe har safe, a gidan surukai, ga 'yan barka suna shiga suna fita. Cikin masu binciken nan ban sani ba ko akwai wanda ya taɓa zama da uwar miji.

A hanyar komawa, laka tana cafke mini takalmi, na juya wa kaina tambayar likitar. Me aka gwada ainihi? Fata da fata, tsawon lokaci, da nonon uwa. Ba a ce dole jama'a su gani ba. Shin an ce lallai sai ƙirjin uwa? Na tsaya a gindin wata kuka inda ake samun sabis, na buga wa likitar waya. Ta ce uwa ce kan gaba saboda nono, amma duk babban mutum mai lafiya, mai tsabta, zai iya karɓarta ta huta. Na yi ta tafiya ina magana ni kaɗai, har wani mai noma ya ɗago yana kallona.

Washegari da hantsi na koma, wannan karon wajen tsohuwar na nufa. Tana tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, na zo ne a kan ƙawarki. Sanyi na neman ya raba ku."

Ta ce, "Malama, ai ga wuta nan ba ta mutuwa. Haka muka raini namu."

Na ce, "Inna, in aka kawo sabon irin gero, a gona duka kuke zubawa?"

Ta harare ni. "Wa zai yi wannan wautar? A gefe ake sawa, a ga yadda zai yi kusa da na gida."

"To zo mu sa a gefe."

Muka shiga. Na ce ta taɓa ƙafar jikarta yadda take kusa da kasko. Ta taɓa, ta ji sanyi. Na ce ta wanke jikinta ta zo ta zauna, ta sassauta rigarta. Ta ce, "La'ilaha, ni? Ƙirjin da ya bushe tun kafin a haife ki?" Na ce ɗumi nake nema, ba nono ba. Na kwantar mata da jaririya, na ɗaure. Tana ta mita, wai an mayar da ita biri da tsufanta, goyo a gaba. Muka zauna muna hirar wake da tsadar taki. Can na ce ta zura hannu. Ta zura, ta kama 'yar ƙafar, ta daɗe ba ta saki ba. Ta ce, "Ikon Allah. Ke, wannan ƙawar tawa ashe wayo gare ta." Ban san lokacin da na tafa ba.

Na so in ce su riƙa karɓa-karɓa, uwar kuma ta sa babban hijabi ta rufe in baƙi sun zo. Na fara bayani ke nan tsohuwar ta ɗaga mini hannu. Ta dubi matar ɗanta, wadda har lokacin bango take kallo, ta daɗe tana dubanta. Ita ma an taɓa kawo ta gidan nan tana yarinya.

Ta ce, "Ke, juyo nan. Wannan 'yar ta wace ce?"

Da ƙyar aka ji muryarta. "Taki ce, Inna."

"Madalla. 'Yar fari ta kaka ce, kowa ya sani. To ni bayana ciwo yake, ga aiki. Ungo, ajiya na ba ki. Ki riƙe mini ita nan a ƙirjinki yadda Malama ta nuna. In za ki wanka ki kawo mini kayata. Ko wa ya shigo, ko Malam surukinki ne da kansa, in na ga kin ajiye mini ita a gado, ni da ke ne."

Yarinyar ta miƙo hannu biyu ta karɓa, kamar yadda ake karɓar saƙon manya. Aka fitar da kasko waje.

Daga ranar ban ƙara tarar da jaririyar a gado ba. 'Yan barka in sun tambaya sai uwar ta ce Inna ce ta ba ta riƙo, kuma ba wanda ya ga rashin kunya a bin umarnin suruka. Safe da yamma in an dafa ruwan wankan jego, tsohuwar ce take zama a bakin ƙofa da ƙullin zani a ƙirji tana yi wa ƙawarta tsiya. Tsotso ya dawo. Sikeli ya fara motsi, kaɗan-kaɗan, sannan da gaske. Duk ranar awo sai na koma asibiti ina ba kowa labari, har mai ba da magani ya ce don Allah in koma tambayar wa ya gwada, ta fi sauƙi.

An fara yankan gero lokacin da jaririyar ta soma nuna ta gaji da ɗaurin. Ta yi kumatu, tana ture zani, tana fito da hannu, tana tsala ihu in an ɗaure ta. Wannan ita ce alamar da aka koya mana. Na auna ta, na duba ko'ina, na ce cikin murna, "Inna, an gama! Ta isa ta riƙe ɗuminta. Yanzu sai goyon baya kamar kowa."

Tsohuwar ta ce alhamdu lillahi, ta miƙa hannu. "To, kawo mini ajiyata."

Uwar ba ta motsa ba. Kanta a ƙasa, hannunta ɗaya a bayan 'yar hular. Ta ce a hankali, "Inna, kamar ƙafarta da ɗan sanyi har yanzu."

Na zura hannu na taɓa. Ƙafar nan ɗumi ɓus, har da gumi. Na buɗe baki, ni mai wa ya gwada, sai na rufe. Tsohuwar ta matso ita ma ta kama ƙafar, ta ɗan jima tana murza ta, ta dubi matar ɗanta.

Ta ce, "Ƙwarai kuwa, da sanyi. Ci gaba da riƙe mini."